Rediyon da Na Gyara wa 'Yan Tawaye

Na so in bar wannan babi sai can ƙarshe, amma abin da yayarku Hadiza ta faɗa mani makon jiya ya sa na jawo shi gaba. Ta ce ɗiyarta ta dawo daga makaranta tana tambaya ko gaskiya ne an taɓa kai kakanta ƙasar Turawa da ankwa a hannu. Ku ji fa. Shekaru nawa ke nan, amma maganar nan tana nan tana yawo a Dutsin-Ma, ta haifi 'ya'ya har ta yi jikoki. Na ji an ce ɗaure ni aka yi, na ji an ce sayar da wani shugaba na yi, na ji ma an ce ni ne na riƙe wa 'yan tawaye wuƙa. To ku biyar ɗin nan ku natsu, zan faɗa maku yadda abin ya kasance sau ɗaya. Wanda ya sake kawo mani wannan tambaya bayan yau, littafin nan zan miƙa mashi.

Kun san na yi soja, na bar aiki da muƙamin saje. Abin da ba ku sani ba sosai shi ne irin aikina. Ni ba mai gaba da bindiga ba ne, ɗan sigina ne, wato mu ke kula da rediyon da sojoji ke magana da juna, wadda ake ce wa oba-oba. Lokacin da aka tura mu kiyaye zaman lafiya wata ƙasa ta bakin teku da yaƙin basasa ya cinye, aikina ke nan. Wata rana da damina, motarmu ta maƙale kusa da wata gada, 'yan tawaye suka fito daga daji suka kama mu, ni da wani abokina Kofur Bala. Suka kai mu gaban shugabansu, wani saurayi da bai kai ƙanena ba, da baƙin tabarau da silifa, yana kiran kansa Janar. Yana da wata babbar rediyo da ta mutu, kwanaki ya kasa magana da kowa. Da ya ga jakar kayan aikina, sai ya sa aka durƙusar da Bala, aka ɗora mashi bindiga a ƙeya, ya nuna mani rediyon da yatsa. Na buɗe ta, na ga waya ɗaya ce ta tsinke, na liƙe ta da dalma. Ko rabin sa'a ban yi ba ta kama.

Ni na gyara ta. Ban taɓa musu ba, kuma ba zan fara yau ba.

Sati bakwai suka ajiye ni gefen rediyon nan ina kula da batir. Kullum da hantsi sai a kira daga tsallaken iyaka. Yawanci wani yaron gida ke magana, amma wani lokaci maigidan da kansa, wanda suke ce wa Baba. In muryarsa ta fito, Janar ɗin nan miƙewa yake tsaye kamar ana ganinsa. Kowa a sansanin ya san ko wane ne, shugaban ƙasar da ke maƙwabtaka da su ne. Da kunnena na ji ya ambaci sunan wani gari na bakin kogi, ya ce mutanensa sun yi taurin kai, a koya masu hankali yadda sauran garuruwa za su gani. Bayan kwana uku aka wuce da mu ta garin. Abin da na gani a hannuwan mutanen garin, har da mata masu goyo, ba zan rubuta maku shi ba. Daga baya aka yi musayar fursunoni aka sake mu. Bala, wanda na gyara rediyon don a bar shi da rai, zazzaɓi ya kashe shi kafin mu iso gida.

Na dawo, na yi ritaya, na buɗe shagon gyaran rediyo kusa da tasha, wanda kuka tashi kuka gani. Mutum biyu kaɗai na faɗa wa wannan labari: Innarku, da yayana, Baffanku Alhaji Sale, mai sayar da hatsi a Kurfi. Na rufe bakina na ci gaba da liƙin waya, har shekarar da aka sa wa Hadiza rana.

A shekarar ne na ji a labarai cewa mutumin nan ya sauka daga mulki, an kama shi, za a yi mashi shari'a a wata kotun duniya. Na ce Allah mai iko, na ci gaba da aikina. Ban san sunana yana cikin wata tsohuwar takardar musayar fursunoni ba. Sai ga shi ranar kasuwa, rana tsaka, tasha cike da 'yan acaba da masu lodin buhuna, wata farar mota doguwa mai baƙin gilashi ta tsaya daidai ƙofar shagona. Wata mata baƙar fata ta fito da riga da wando, da wani mutum mai yi mata tafinta. Duk wanda ke da ido a tashar nan ya bar abin da yake yi. Mai shayi ma ya bar ruwansa yana tafasa ya matso. Matar ta shigo, ta zauna a kan bencina, ta rage murya. Tafintan ya ce:

"Saje Rabe, ta ce ita lauya ce daga kotu. Ta ce abu na farko, wannan magana sirri ce, kada kowa ya sani."

Na dubi ƙofa, na ga kawuna sun fi ashirin. Na ce:

"Faɗa mata sirri ya riga ya sauka a tasha."

Matar ba ta da laifi a wajen magana, ta san aikinta. Ba ta matsa mani ba. Ta ce waɗanda aka yi wa ɓarnar sun zo sun nuna jikinsu, amma babu ɗaya cikinsu da ya ji wanda ya ba da umarni. Mutumin kuma yana rantsuwa bai taɓa magana da 'yan tawayen ba ko sau ɗaya. Ta ce in na yarda za a ɓoye sunana, a ba ni lamba, a sauya muryata. Ta bar mani lambar waya ta tafi. Kafin in rufe shago la'asar, labari ya isa gida cewa 'yan sandan duniya sun zo kama ni.

Innarku na tarar tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, maganar rediyon nan ce ko?"

Na ce ita ce.

"Za ka je?"

Na ce ban sani ba tukuna.

"Ka sani mana. Tun da ka shigo na ga ka sani. Ni dai abu ɗaya nake roƙo, ka bari a ɗaura wa yarinyar nan aure tukuna. Dangin yaron nan mutane ne masu jin maganar bakin titi."

Washegari na hau mota zuwa Kurfi. Na sami Yaya Sale a rumfarsa ana auna mashi gero. Ya sallami mutane, ya saurare ni har na gama, sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, alamar za a daɗe.

"Rabe, kai yaro ne? Wane ne ya aike ka? Ƙasar ba taku ba, shugaban ba naku ba, mutanen ba danginka ba. Kuma ka faɗa mani, kotun nan ta taɓa kama wani Bature? Su da suka ƙera bindigogin, suka sayar, suka sayi duwatsun lu'ulu'un da aka haƙo da jini, wa ya taɓa su? Sai baƙar fata za a jawo a zaunar a keji, kai kuma ka je ka riƙe masu igiya."

Na ce, "Yaya, abin da ka faɗa akwai gaskiya ciki. Amma don ba a kama ɓarawon Kano ba, sai a saki na Katsina? Ni ban ji muryar Bature a rediyon nan ba. Muryar da na ji ita zan faɗa."

"To su kuma lauyoyinsa za su tambaye ka wa ya ta da rediyon. Ka shirya? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka rufa wa kanka asiri, ka rufa wa ɗiyarka."

Har yau ina cewa Baffanku ya fi ni hangen abin da zai biyo baya. Abin da bai gani ba shi ne garin nan na bakin kogi. Na dawo gida na kira lauyar, na ce na yarda, amma sai bayan biki. Ta ce babu damuwa.

Ku ji yadda babu damuwa take a wajen mutanen nan. Suka sa mani rana bayan biki da wata biyu, na ce madalla. Suka ɗaga. Suka sake sa wata, suka sake ɗagawa, wai lauyoyin mutumin sun nemi lokaci. Sau uku ina zuwa Abuja ana ɗaukar hotona da zanen yatsuna ana tambayata sunan kakata. Sannan kwatsam aka kira ni aka ce wani mai shaida ya fasa, an jawo ranata gaba, in taho cikin kwana biyar, in ba haka ba an rufe ƙofar shaidu. Saura sati uku a ɗaura aure. Na ce masu ina da biki. Aka ce an fahimta, amma jadawalin alƙalai ne. Innarku ta haɗa mani kaya, sai da na kai zaure ta ce:

"Allah ya kiyaye hanya. In ka je ka faɗa duka, kada ka rage. Tunda dai za mu biya, gara mu biya kuɗin abu cikakke."

Ba zan ɓata maku takarda da labarin sanyin ƙasar da abincinsu marar gishiri ba. Kwana tara na yi a wani ɗaki ina jira kafin a kira ni. Ranar da na shiga, aka zaunar da ni bayan labule, aka sa mani abin ji a kunne, ana kirana da lamba kamar buhun taki. Ta gefen labulen na hango tsohon shugaban. Wallahi na zaci zan ga dodo. Sai na ga dattijo mai ƙiba, da kwat mai kyau da tabarau, yana rubutu a takarda kamar shugaban makaranta, wani na zuba mashi ruwa a kofi. Na ce zan yi magana da Hausa, don Turancina na bariki ne. Suka kawo wani tafinta da ya koyi Hausarsa ban san ina ba. In na ce hantsi ya ce asuba, in na ce ƙeya ya ce wuya. Sau biyu ina tsayar da kotu ina gyara mashi, har babbar alƙaliyar ta ce in yi haƙuri in bar shi ya yi aikinsa. Na ce a raina, aikin nasa ne ke neman mayar da ni maƙaryaci.

Yini ɗaya na yi ina ba da labari. Kwana uku lauyan mutumin ya yi yana juya ni. Ya tambaye ni launin rediyon. Ya tambaye ni ko ana ruwa ranar. Ya ce a wata takarda na ce sati bakwai, a wata na ce kusan wata biyu, wanne ne gaskiya? Ya ce ta yaya ɗan ƙauye kamar ni zai gane muryar shugaban ƙasa? Na ce aikina ke nan shekara da shekaru, gane murya cikin ƙarar iska, kuma mutumin kullum yana jawabi a gidan rediyon ƙasarsa, muna kamawa. A rana ta uku ya ajiye takardunsa, ya yi murmushi, ya ce:

"Kafin ka zo, rediyon tana aiki?"

Na ce ba ta aiki.

"Wa ya gyara ta?"

Na ce ni.

"Ke nan da ba ka gyara ba, da umarnin da kake cewa ka ji bai isa ba?"

Na ce, "Haka ne. Ni na gyara, shi ya yi magana. Ni na zo na faɗi nawa. Ka tambaye shi nasa."

Aka ce in tsaya ga amsa tambaya kawai. Amma na ga mutumin ya daina rubutu.

Kafin in taho suka sa na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa abin da na ce a ciki ba, har sai an gama shari'a, don kare sauran shaidu. Na dawo Dutsin-Ma saura kwana huɗu biki, da baki a ɗinke. Kowa na tambaya, ni kuma ina cewa lafiya lau. Shirun nan shi ya kashe ni. Wanda ya ƙi magana, ai sai a yi mashi ita. Waliyyin yaron, wato baffansa, ya tafi Kurfi wajen Yaya Sale don ya ji gaskiya daga babban gida. Baffanku yana cike da fushin na ƙi jin maganarsa, a gaban mutane a rumfa ya ce:

"Ni me zan ce maku? Mutumin da ya gyara wa 'yan tawaye rediyo, ai dole a neme shi."

Bai faɗi bindigar da ke ƙeyar Bala ba. Ba na jin ya yi niyyar abin ya kai inda ya kai, amma magana zarar bunu ce. Kwana biyu kafin ɗaurin aure dangin yaron suka aiko wasu mata biyu da sassafe, wai a ɗan dakata sai ƙura ta lafa. An riga an yi wa Hadiza lalle. Ƙurar ba ta lafa ba, suka aiko a mayar masu da kayansu.

Hadiza, ke kika biya abin da ni na ci. Ban taɓa faɗa maki haka baki da baki ba, don duk lokacin da na ɗauko sai ki tashi ki ce za ki duba tukunya. Na san Allah ya musanya maki da Malam Nura, wanda ya fi wancan yaron komai, amma wannan alherin Allah ne, ba wayona ba. Na tuna watannin da kika daina zuwa islamiyya saboda kallon da ake maki. Ki yafe mani. Amma kada ki ce in ce na yi nadamar zuwa, don ba zan yi maki ƙarya a littafin da na rubuta don gyara ƙarya ba.

Shago ya yi sanyi kusan shekara. Mutumin da na gyara wa rediyo tun yana saurayi sai ya wuce ni ya kai wa wani. Ni da Yaya Sale kuwa gaisuwar suna da jana'iza kawai ta rage. Ita kuma shari'a ta yi ta tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Hadiza ta yi aure, ta haihu, ta yaye, ta sake haihuwa, ba a gama ba. Ranar da aka yanke hukunci ina Kurfi wajen gaisuwar rasuwa, sai na ji an ce Alhaji yana kirana. Na same shi a rumfa da 'yar rediyonsa a kunne. Ya tsufa, ƙafa ta fara ba shi wahala. Ya ce in zauna. Muka ji tare: an same shi da laifi, an ɗaure shi shekarun da ba zai fito da ƙafarsa ba. Yaya ya kashe rediyon ya ce:

"An ce ɗakin da za a sa shi akwai katifa da talabijin, har likita."

Na ce haka na ji.

"To su masu dungun hannun fa, me aka ba su?"

Na ce ban sani ba, Yaya.

Ya dubi buhunan da ke gabansa. Sannan ya ce:

"Maganar da na yi a nan wurin, ban faɗe ta daidai ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma a wajen Baffanku wannan ya kai wani ya durƙusa. Ya sa aka ɗora mani buhun dawa a mota. Na karɓa.

Yanzu ga abin da ke ƙona mani rai. Na tsallaka teku na ba da shaida a kan garin da ban iya faɗin sunansa daidai ba, sai ga irin abin nan ya biyo ni har gida. Kun san yadda ƙauyukanmu suka koma a 'yan shekarun nan, kun ga mutanen da suka baro gonakinsu suka cika kangwayen gari. Mutanen da suka daina kawo mani gyara, su ne yanzu ke tare ni a masallaci suna cewa, "Saje, ina kotun taku? Ba za ta zo nan ba?" Kamar ni na ajiye ta a aljihu.

Bara da kaka wata mata ta yi sallama a ƙofar gidan nan, ana ce mata Talatu, daga wani ƙauye bayan Kurfi. 'Yan bindiga sun kashe mijinta a gona, sun tafi da ɗanta babba. Ta durƙusa a zaure ta ce:

"Baba Saje, an ce kai ka san inda ake kai ƙarar manya. Ni ban da kuɗin mota mai nisa, amma in ka faɗa mani wurin, zan sayar da akuyata."

In ce mata wurin ya fi ƙarfin akuya? In ce mata ko ta isa, sai jikokinta sun yi wayo kafin a kira ta? Na shiga ciki na ɗauko littafin rubutu da biro, na dawo na zauna. Na ce mata ban san ranar da za a tambaya ba, ban ma san ko za a tambaya ba, amma ni an taɓa zuwa nemana bayan na fid da rai. Na ce ta faɗa mani ranar, da wurin, da su nawa ne, da sunan da ta ji suna kiran babbansu, da wanda ya gani ban da ita. Abin da ba ta gani da idonta ba kada ta ƙara, don lauya zai kama ta a nan. Ta yi magana har azahar, na karanta mata, ta dangwala yatsa. Bayan sati ta dawo da wasu mata biyu. Yanzu littattafan sun kai shida, suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona, na naɗe su a leda saboda gara.

In na mutu, Hadiza ce za ta riƙe makullin. Duk wanda ya zo da farar mota ko baƙa yana tambaya, ku tabbatar da ko shi wane ne, sannan ku ba shi kwafi, ku riƙe na asali. In kuma ba wanda ya zo, ku ba 'ya'yanku. Abu ɗaya dai na hana: kada in ji an yage ko shafi ɗaya an ƙunsa ƙosai.